Batir Ma Yana Numfashi: Kula Da Kabad Ɗin Baturan Wutar Ko-ta-kwana

A yau da wuya a sami babban asibiti ko banki ko ɗakin kwamfuta na makaranta a ƙasar nan wanda ba shi da tanadin wutar ko-ta-kwana, watau wutar da ke karɓar aiki da zarar an ɗauke ta gari. A da janareta kaɗai aka sani. Yanzu kuwa inbata da faifan sola sun shiga kusan kowane lungu, kuma a bayan kowace inbata akwai jerin batura da aka girke a cikin kabad na ƙarfe, ko a kan kanta, ko kuwa a wani ɗan ɗaki da aka garƙame aka rataya makullinsa a ofishin shugaban makaranta.

Janareta yana da ƙara, yana da hayaƙi, yana kuma shan mai, saboda haka ba a mantawa da shi. Batir shiru yake. Wannan shirun nasa shi ke sa a yi watanni ba wanda ya leƙa shi, alhali kuwa a duk cikin kayan wutar nan shi kaɗai ne ba shi da makunnin da za a danna a ce an kashe shi. Ko an kashe inbata, an cire wayar sola, an rufe makaranta an tafi hutu, ƙarfinsa yana nan a cikinsa. Idan kuwa an bar shi a kan caji, to, aiki yake yi dare da rana, yana ɗumi, yana shan ruwa, yana fitar da iska.

Abin Da Ke Cikin Batir

Mafi yawan baturan da ake gani a irin waɗannan wurare na dalma da asid ne. Wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Gaston Planté shi ya ƙirƙiro irinsu a shekarar 1859, kuma har yau ginshiƙin aikinsu bai sauya ba. Batir mai bolt 12 an raba cikinsa gurbi shida, kowane gurbi yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. A cikin kowane gurbi akwai farantai iri biyu, ɗaya na dalma zalla, ɗaya na dalmar da ta haɗu da oksijin, an tsoma su a ruwan da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa asid ɗin salfurik ne.

Sa'ad da batir ke ba da wuta, asid ɗin yana shiga jikin farantan duka biyu, ya mai da fuskarsu wani farin gishiri na dalma, ruwan kuma ya yi ta salamcewa. Caji shi ne mayar da wannan aiki baya: gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa, farantai su koma yadda suke. Muddin akwai sauran gishirin da za a narkar, wutar caji tana da aikin yi. Matsalar tana farawa ne bayan batir ya cika. Wutar da ta ci gaba da shiga ba ta da abin taɓawa sai ruwan da ke ciki, sai ta raba shi gida biyu, haidurojin da oksijin. Ɗalibin da ya taɓa tsoma wayoyi biyu a kofin ruwa a ɗakin gwaje-gwaje ya ga kumfa na tasowa, ya riga ya ga abin da ke faruwa a cikin batir mai tafasa.

Iskar Da Ba A Gani

Haidurojin ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ta fi iskar da ake shaƙa rashin nauyi har sau 14, saboda haka sama take tashi ta taru a ƙarƙashin rufi. Idan yawanta ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tana iya kama wuta. Abin da ke tada ita kuwa bai taka kara ya karya ba. Tartsatsin da ke fita a cikin makunnin fitila ya isa, har ma ɗan ƙyas ɗin nan da mutum kan ji a lokacin hunturu idan ya taɓa ƙofar ƙarfe bayan ya tuɓe rigar leda. Shi ya sa ƙa'idojin kashe gobara a ƙasashe da dama suka ce kada a bar ta ta wuce kashi 1 cikin 100 a ɗakin batura. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da akan ji wani lokaci kusa da batir na wata iska ce daban mai salfa, mai guba, wadda ke nuna cewa batirin ya yi zafi ƙwarai ko caji ya yi masa yawa.

A watan Maris na shekarar 2001 an ga abin da wannan iska ke iya yi a garin Rancho Cordova, kusa da birnin Sacramento a jihar Kalifoniya ta Amurka. Wani kamfani ya tashi daga wani babban gini, ya kwashe kwamfutocinsa, amma ya bar baturan ko-ta-kwana a ɗakinsu, kuma a kan caji. Suka daɗe suna shan wuta ba abin da ke jan ta, iskar ɗakin kuma ba ta fita. Akwai na'urar da ke sansano haidurojin a ɗakin, ta kuwa yi aikinta, domin mutanen da ke kusa sun ce sun yi kwana uku suna jin ƙararrawa. Sai dai ba a haɗa ta da wani ofishi da ke da alhakin amsawa ba. Da abin ya fashe, ya huda rufin ginin ramin da ya kai murabba'in ƙafa 400, ya rushe bangaye, ya lalata sashe mai yawa na ginin. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Abin lura a nan shi ne kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Mutum aka rasa, wanda aikinsa ne ya ji ƙararrawa ya zo ya buɗe ƙofa.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai babban gini ne mai batura masu yawan gaske, ina ruwan makarantar da ke da guda huɗu kacal? Lissafi zai ba da amsa, kuma malamin kimiyya zai iya ɗora shi a kan allo. Duk amfiya ɗaya da ta ratsa cikakken gurbi na tsawon awa ɗaya tana raba kimanin kashi ɗaya cikin uku na giram ɗin ruwa, ta fitar da kimanin lita 0.42 na haidurojin. A ɗauka inbata ce mai bolt 48, watau batura huɗu a jere, gurabe 24 ke nan. A ɗauka kuma na'urar caji ta lalace, ta ƙi rage wuta bayan baturan sun cika, tana tura amfiya 5. Idan aka ninka 24 da 5 da 0.42, za a sami kimanin lita 50 a kowace awa. Kabad mai faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya lita 1,000 yake ci, kashi 4 cikin 100 nasa lita 40 ne. In ba shi da kafar iska, ƙasa da awa ɗaya ya isa ya mai da shi bam. Ɗan sito mai mita biyu da biyu da tsayin mita uku yana cin lita 12,000, zai kai wannan matsayi cikin kusan awa goma, watau dare ɗaya. Gaskiya ne cewa babu ɗakin da ba ya yoyon iska ko kaɗan, amma gaskiya ne kuma cewa haidurojin takan fara taruwa ne a sama, daidai inda ƙwan fitila yake.

Maganin wannan ba shi da tsada. Kabad ɗin batura yana bukatar kafofi biyu, ɗaya a ƙasa inda sabuwar iska za ta shiga, ɗaya a can ƙololuwa inda haidurojin za ta fice, ɗakin da kabad ɗin yake shi ma haka, kuma kafar sama ta fita waje ne, ba cikin silin ko wani aji ba. A sa raga saboda ɓeraye da ƙadangaru, a riƙa kakkaɓe ta, domin ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo suna toshe ta cikin 'yan makonni. Sau da yawa mai gadi ko mai shara da kyakkyawar niyya yakan liƙe waɗannan kafofi da kwali don ya hana ƙura shiga. Ya kamata a yi masa bayanin dalilin huda su. Haka kuma ba a ɗora inbata kai tsaye a bisa batura masu murfi, ba a kuma kulle su a kabad ɗaya, saboda a cikinta akwai makunnai masu tartsatsi, tururin asid kuma yana cin kayan cikinta. Ashana, taba, kyandir da garwashin turare ba su da wurin zama a ɗakin.

Akwai baturan da ake sayarwa a rufe ruf, a ce ba sa bukatar kulawa. A nan ne ake yi wa rogo kallon kitse. An ƙera su ne yadda mafi yawan iskar da ta taso za ta sake haɗuwa ta koma ruwa a ciki, amma kowannensu yana da ɗan bawul da ke buɗewa idan iska ta matsa. Caji ya yi yawa, su ma haidurojin suke fitarwa, ruwan da suka rasa kuwa ba hanyar mayar musu da shi.

Zafi

Shekarun da kamfani ke rubutawa a takardar batir an auna su ne a ɗumin digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwar batirin dalma biyu, domin zafi yana gaggauta cin farantai da ƙafewar ruwa. Batirin da aka ce zai yi shekara biyar, in ya zauna a digiri 35 zai yi biyu da rabi, a digiri 45 kuwa da ƙyar ya haura shekara guda. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin rana a watannin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle a cikin kabad na ƙarfe da aka jingina da bangon yamma a ƙarƙashin rufin kwano. Da yawa daga baturan da ake zargin jabu ne, wurin da aka ajiye su ne ya kashe su. Ɗakin da ya fi kowane sanyi a makaranta, mai kaurin bango da inuwar bishiya, shi ya cancanci batura, ko da kuwa wani ya riga ya sa ido a kansa don ya yi ofis.

Zafi yana da wata illa da ta fi wannan gaggawa. Batir mai ɗumi ya fi mai sanyi jan wutar caji, wutar da ya ja kuma tana ƙara masa ɗumi, ɗumin ya sa ya ƙara ja. In ba iskar da za ta kwashe zafin, haka abin zai yi ta hauhawa har robar jikinsa ta kumbura ko ta narke. An fi ganin haka a rufaffun batura da aka cusa su jiki da jiki. Saboda haka akan bar tazarar kamar kaurin yatsa a tsakaninsu. Cikakken batir mai bolt 12 ana riƙe shi ne a tsakanin bolt 13.5 da 13.8, idan kuwa aka haura 14.4 aka daɗe a can, tafasa yake yi. A wuri mai zafi ana rage wannan adadi da kimanin bolt 0.003 a kowane gurbi kan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, watau kusan bolt 0.2 ga batir guda a digiri 35. Na'urorin caji masu kyau suna zuwa da 'yar waya mai auna ɗumi da ake mannawa a jikin batir don su yi wannan gyara da kansu. Sau da yawa akan same ta a naɗe cikin ledarta a ƙasan kwali.

Ranar Da Za A Buɗe Kabad

Bolt 12 ba ya jan mutum ta busasshiyar fata, shi ya sa ake raina shi. Haɗarinsa yana wajen yawan amfiya. Idan ƙarfe ya haɗa kawunan babban batir guda biyu, ɗaruruwa ko dubban amfiya ke bi ta cikinsa nan take. Sifana takan manne ta yi ja, narkakkiyar dalma ta fantsama, tartsatsin kuma ya kunna iskar da ke cikin batirin ya tarwatsa murfinsa. Zoben azurfa da maza da yawa ke sawa ya fi komai haɗari a nan, domin babu ƙarfen da ya kai azurfa saurin ɗaukar lantarki, kuma zoben da ya yi ja a yatsa ba ya ciruwa da wuri. Zobe, agogo mai sarƙa, awarwaro da makullan da ke reto a wuya duk ana tuɓe su a bakin ƙofa. Sifana a naɗe ta da tef har sai bakinta kaɗai ya rage, kada kuma a ajiye ta a kan batir ko na ƙiftawar ido.

Kafin a taɓa komai akan buɗe ƙofa iska ta ratsa, a kashe kayan da ke jan wuta, a kashe caji na gari da na sola, sa'an nan a buɗe makatsar da ke tsakanin batura da inbata. Wayar da aka cire tana ɗauke da wuta tartsatsi take yi. Kabad ɗin da ba shi da fiyus ko makatsa kusa da kan batir ba a gama haɗa shi ba, ko da an biya kuɗin aikin. Manyan na'urori irin na bankuna da asibitoci kuwa, inda ake jera batura 30 ko 40 ƙarfinsu ya kai bolt 400 ko fiye, suna kisa kai tsaye. Waɗannan aikin ƙwararre ne, shi ma ba ya shiga shi kaɗai. Ɗalibai dai a kowane hali nasu kallo ne da rubutu, a bayan malami.

Sai maganar ruwa, inda harshe kansa ke jawo ruɗani. Abin da jama'a ke kira ruwan batir asid ne. Abin da batir ke rasawa kuwa ruwa ne zalla, asid ɗinsa yana nan bai je ko'ina ba. Wanda ya ga ruwa ya ja baya ya ƙara asid, ya ƙara masa kauri ne, farantai su yi ta cinyewa. Tataccen ruwa kaɗai ake zubawa, wanda aka dafa ya zama tururi aka sake tara shi. Ruwan rijiya da na burtsatse da na leda, komai kyansu a ido da daɗinsu a baki, suna ɗauke da gishiri da ƙarfe masu lalata farantai. Ana cikawa ne bayan batir ya gama caji, zuwa layin da aka zana, domin ruwan yakan taso a lokacin caji, in an cika tun farko sai ya yi ambaliya. Idan an tarar farantai sun fito fili, a zuba daidai abin da zai rufe su, a yi caji, sa'an nan a ƙarasa.

Mai wannan aiki ya sa tabarau na kariya da safar hannu ta roba, bokitin ruwa mai tsabta kuma ya kasance kusa tun kafin a buɗe murfi na farko. Asid ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15, sa'an nan a nufi asibiti. Ba a shafa manja ko man shafawa, ba a kuma zuba wani magani a ido. Wanda ya zube a ƙasa ana kashe kaifinsa da sodar yin burodi har kumfa ta daina tashi. Inda babu, jiƙaƙƙiyar kanwa tana yin wannan aiki a kan siminti, tun da ita ma dangin soda ce.

Saman batir ana goge shi da ɗanyen tsumma, domin busasshe yana iya tada tartsatsi, ƙurar da ta jiƙe da asid kuwa hanya ce da wuta ke zurarewa tsakanin kawuna biyu. Kawunan kansu a duba ko sun yi sako-sako ko sun yi farin gari. Inbata mai bolt 24 da ke ɗauke da kayan wat 2,400 tana jan amfiya 100. Idan kai ɗaya ya saki har ya sami turjiyar om 0.01 kacal, zafin wat 100 ne zai taru a wurin da bai fi girman goro ba, kwatankwacin tsohon ƙwan fitila mai ƙona hannu.

Duk wannan ba ya ɗorewa sai da littafi da kuma mutum guda da aka ɗora wa alhakinsa da suna. Sau ɗaya a wata a rubuta kwanan wata, bolt na kowane batir shi kaɗai, ɗumin ɗaki, da yawan ruwan da aka ƙara. Baturan da ke jere kamar ayarin raƙuma suke, tafiyar gurgun cikinsu ita ce tafiyar kowa, kuma littafin ne ke nuna wanda ya fara ɗingishi watanni kafin ya ja sauran. Don haka ne ma ba a haɗa sabon batir da tsofaffi a jeri ɗaya. Ƙungiyar ɗaliban kimiyya za ta iya riƙe wannan littafi ta zana jadawalin adadin, ta sami darasin da ya fi na allo. Kafin dogon hutu kuma a yanke shawara: ko dai a cika baturan a raba su da komai, ko a bar su a kan caji tare da wanda zai riƙa leƙa su. Batirin dalma da aka bari babu caji na makonni, farin gishirin nan yakan daskare a farantansa ya ƙi narkewa.

Baturan Litiyam

Baturan litiyam da ke ƙara yawa a kasuwa ba sa shan ruwa, ba sa kuma fitar da haidurojin a aikinsu na yau da kullum, amma nasu haɗarin daban ne. Idan ƙwaya ɗaya ta huje, ko ta sha caji fiye da kima, ko ta yi zafi ƙwarai, takan kama da wuta daga ciki ta kunna maƙwabtanta, wutar kuma tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. A ranar 26 ga Satumba, 2025, gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon, a daidai lokacin da ma'aikata ke aikin kwashe baturan ko-ta-kwana na litiyam daga kusa da kwamfutoci zuwa ƙarƙashin ginin. An yi kimanin awa 22 kafin a kashe ta, ayyukan gwamnati na intanet sama da 600 suka tsaya. Lokacin kwancewa da ɗaurawa shi ne lokacin da batir ya fi haɗari, kowane iri ne shi. Kowane batirin litiyam yana da allon lantarki a ciki mai tsare shi daga wuce iyaka. Ba a tsallake wannan allo, ba a kuma haɗa batirin da na'urar cajin da aka saita don na dalma. Wanda ya kumbura ko yake wani ɗaci-ɗacin wari a kashe cajinsa, a nisanta mutane, a kira wanda ya san aikin.

Bayan Batir Ya Mutu

Mataccen batirin inbata yana ɗauke da kilo da yawa na dalma, shi ya sa 'yan gwangwan ke sayensa da daraja. Abin da ke faruwa bayan an sayar shi ne abin dubawa. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal, inda aka daɗe ana fasa tsofaffin batura ana narka dalmarsu a tsakar gidaje, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda ƙurar dalma da ta cika ƙasar wurin. Mutanen Zamfara sun san wannan guba tun 2010, lokacin da ta kashe yara sama da 400, ko da yake a can daga duwatsun zinariya ta fito. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa. Saboda haka makaranta ta mayar da tsohon batir ga dillalin da ya sayar mata da sabo, a tsaye, da murfinsa da ruwansa a ciki. Kafin a zo ɗauka a ajiye shi a inuwa a kan katako, nesa da ɗakin girki da rijiya da wurin wasan yara, a kuma rufe kawunansa da tef, domin ko wanda ya kasa kunna fitila yana da sauran ƙarfin da zai yi tartsatsi.